Abin da Yumɓu Ya Riƙe

Ƙarfe biyun dare, layin famfo a unguwar Birni.
Jarka goma sha ɗaya a gabana, famfo ko tari bai yi ba.
Mutari jikana na kan dutse da littafin tarihi,
yana bin layi da hasken waya, gobe jarrabawa.
Na ce, ɗaga murya, yaro, barci na neman sace ni.

Ya ce, Kaka, an yi wata ƙasa tsakanin koguna biyu,
mutanenta a kan yumɓu suke rubutu.
Na ce, yumɓu? Irin wanda na kwaɓa a Mirriya
tun ban kai tsayin turmi ba?
Ya ce, shi. Da tsinken kara suke tsaga shi yana ɗanye,
su shanya a rana.
To, me suka rubuta? Kirarin sarakuna?
Ya duba. Ya ce, da fari dai lissafi ne,
hatsi kaza, tumaki kaza, wane na bin wane.
Na yi dariya har Cima ta farka a kan jarkarta.
Ashe bashi ne ya haifi alƙalami.

Ya juya shafi. Misra.
Kogi ɗaya tal, ya cika, ya janye,
ya bar musu baƙar ƙasa mai laushi kamar kwaɓin fura.
Suka yi masa waƙa, suka kai masa hadaya.
Cima ta ce, a'uzu billahi, ruwa kuma?
Ni ma na faɗa, don haka na tashi, haka zan koma.
Sai dai na dubi bakin famfon nan,
da mu ashirin zaune gabansa tsit,
kowa kunnensa na jiran gurnanin bututu.
Ban ce sun yi daidai ba.
Na dai san irin ƙishirwar da ta kai gwiwarsu ƙasa.

Wai mamacinsu ba ya tafiya hannu sake:
tulu, gurasa, takalmi, don hanya da nisa.
Wai can za a ɗora zuciyarsa a ma'auni,
gashin tsuntsu guda a ɗaya gefen.
Nan bakina ya mutu.
Ranar da aka fita da Lawali, mijina,
na tsaya a zaure riƙe da butarsa,
ban san wa zan miƙa wa ba.

Mutari ya ce, ko sittin ɗin da ke cikin awa,
mutanen kogunan nan ne suka yanka ta.
Cima ta ce, su zo su ƙirga nawa muka ci a nan.

Na ce, yanzu ina suke?
Ya ce, ganuwa ta kwanta, gari ya zama tudu,
allolinsu na tsaye cikin gilashi, baƙi na ɗaukar hoto.
Amma wani birni da gobara ta cinye,
wutar ce ta gasa allunan, shi ya sa suka kawo yau.
Wannan ba sai littafi ya gaya mini ba.
Tukunyar da ba ta ga wuta ba, damina ɗaya ce ajalinta.
Ya ce, a jikin wasu har an ga shatin yatsa.
Na ɓoye hannuna cikin zane,
ban san dalili ba.

Kafin kiran assalatu bututu ya yi gurnani,
layi ya miƙe, kowa ya manta da Misra.
Mutari ya rufe littafi, ya kama jarka.

Da hantsi na zauna gaban yumɓuna.
Na gama tulu, na gyara masa baki,
sannan can ƙasa, inda mai saye ba ya dubawa,
na danna babban yatsana
har sai da ya zauna.